Fita Waje Da Borin Jini: A Bar Kunya A Gida

Da an sauko daga Idin ƙaramar Sallah, industiri kan koma kamar tashar mota. Wannan ayari ya nufi Maraɗi da Damagaram wasan gala, wancan ya yi Yamai, wasu sun tsallaka Kumasi ko Garwa, manya kuma sai dai a ga hotunansu a Dubai ko Landan, wasu ma ba su dawo daga Umra ba. 'Yan kallo na ta son barka, ga jarumi ya hakimce a gaban dogon teburi, an jera kuloli kala-kala. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne, a cikin ayari irin wannan ana iya samun mutum guda wanda teburin nan ya fi masa hatsari a kan duk hanyar da ya biyo. Shi ne mai borin jini, wato wanda jikinsa ba ya jituwa da wani nau'in abinci.

Maganar ba ta 'yan fim kaɗai ba ce. Ta shafi ɗalibin da ya samu gurbin karatu a Masar, da ɗan kasuwar da ke zuwa saro kaya, da maniyyaciyar da za ta tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III a Sakkwato, har da matashin Kurawa da zai leƙa bikin 'yan uwa a tsallaken iyaka.

Wai mene ne borin jinin?

Likitoci sun ce sojojin da Allah ya sanya a jiki don yaƙar cuta su ne kan yi kuskure, su ɗauki wani abinci a matsayin abokin gaba, sai su tayar da ƙura. Abincin lafiyarsa lau, kowa ya ci ya kwana lafiya, amma shi wannan bawan Allah ko ɗan ƙwarya-ƙwarya ya shiga bakinsa sai jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ga ƙaiƙayi, leɓe ko ido ya kumbura. Yawanci abin kan taso ne daga 'yan mintoci zuwa awa 2 bayan cin abincin. Waɗanda suka fi jawo shi su ne gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai, kifi, jatan lande da danginsa, alkama, waken suya, da 'ya'yan itace masu ɓawo irin su yazawa.

Akwai mai sauƙi, akwai kuma mai kisa, wanda a asibiti ake kira anafilaksis. Shi wannan harshe da maƙogwaro ne ke kumbura, murya ta dishe, numfashi ya riƙa fita da ƙyar yana shesheka, ga amai, ga jiri, jini ya sauka, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Mai ciwon asma ya fi kowa shiga hatsari. Kuma don na bara ya tsaya a ƙaiƙayi, ba shi ke nuna na bana ma nan zai tsaya ba.

Kada a haɗa shi da na wanda in ya sha fura da nono cikinsa ke ƙugi ya yi ta zaryar bayi. Wannan yawanci rashin narkewar sukarin madara ne, akwai wahala amma ba ya shaƙe mutum. Tantance wanne ne wanne aikin likita ne, ba na majalisar shayi ba.

A gida akwai garkuwa

A ɗauki matashi a Kurawa ta ƙaramar hukumar Sabon Birni, wanda jikinsa ba ya son gyaɗa, ko gujiya kamar yadda Gobirawa ke ce mata. Kai, wannan ya haɗu da aiki! Yajin tsire da garin ƙuli ake haɗa shi. Labun kilishi da tunkuza ake dama shi. Kwaɗon zogale sai da ƙuli, miyar taushe sai da gyaɗa, ga kunun gyaɗa, ga dakuwa, ga ƙosai da awara da akan soya da man gyaɗar da mata suka matse a gida. To amma duk da haka yana rayuwa, saboda me? Saboda an san shi. Innarsa ta san tukunyar da za ta ware masa, mai tsiren bakin kasuwa ya san ba a barbaɗa masa yaji, abokai ma har tsokanarsa suke yi da abin.

Haka yake a lokeshin. Mai dafa wa 'yan fim abinci in ta saba da ayari, ta san wanda ba ya cin kifi da wadda ƙwai ke tayar mata da ƙuraje. Wannan sanayyar ita ce garkuwa, kuma ita ce abu na farko da mutum ke rasawa ranar da aka buga masa hatimi a fasfo. A can ba wanda ya san shi, ba wanda ya san innarsa. Abin da bakinsa bai faɗa ba, to ba wanda zai faɗa masa.

Maraɗi: waje ne, amma kamar gida

Ga mutumin Sabon Birni ko Isa, ƙasar wajen da ta fi kusa ita ce Nijar. Gobir ɗaya ce iyaka ta raba; akwai Sarkin Gobir a Sabon Birni da Isa, akwai kuma a Tsibiri, dab da Maraɗi. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, tukunya ɗaya. Maraɗi kuwa tun zamanin Turawan Faransa ta yi suna a cinikin gyaɗa, ga kilishin Madawa da ba a dawowa ba tsarabarsa. Ke nan duk tarkon da ke gida yana can, an kuma ƙara da wani wanda ya fi su, wato kara.

Masoyan fim na Nijar ba a gaya masu karɓar baƙi. Jarumi ya sauka, kafin ya ajiye jaka kwanuka sun fara shigowa daga gidaje, kowa na son a ce tauraro ya ci na gidansa. Sai a ji wata dattijuwa na cewa, "Haba ɗana, ko loma guda ka taɓa, don kai anka dahwa shi." A nan ne ake yin ta. Yaron kirki ba ya son ya kunyata uwa, jarumi kuma ba ya son a koma ana cewa yana da girman kai, ya raina abincin talaka. Sai ya rufe ido ya kai loma. Alhali amsar ba ta da tsawo: "Inna, Allah ya saka da alheri, wallahi ba raini ba ne, jinina ne ba ya son gujiya, in na ci sai an kwashe ni zuwa asibiti. In da fura zan sha." Babu uwar da za ta ji haka ta ƙara matsawa. Ɓacin ran minti 5 ya fi zaman makoki na kwana 3.

Dalilin tsananta maganar a wannan yanki a fili yake. Tun wajen 2019 matsalar 'yan bindiga ta addabi Sabon Birni da Isa, har dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi. Inda tafiyar dare ta zama abin tsoro, asibitin da ke kusa ma ya yi nisa, balle Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Maƙogwaron da ya fara rufewa kuwa ba ya jiran gari ya waye.

Ga kuma wani abin lura ga masu son soyayyar fara. Bincike ya nuna fara da jatan lande da ƙaguwa suna da wani sinadari iri ɗaya a jikinsu. Shi ya sa da Tarayyar Turai ta amince a sayar da fara a matsayin abinci a 2021, sai ta sa a riƙa rubuta gargaɗi a jikin leda domin masu borin jinin jatan lande. To a juya maganar: duk wanda fara ke sa wa ƙaiƙayi a gida, ya yi hattara da jatan lande ranar da ya ga an jera shi a otal ɗin Dubai, ko da kuwa bai taɓa ganinsa ba a rayuwarsa.

Kowace ƙasa da inda take ɓoye nata

A Saudiyya da Dubai da Masar, riɗi ne sarki. Suna ce masa simsim, suna niƙa shi ya zama ɗahina, ita kuma ɗahinar tana cikin hummus, tana cikin miyar da ake zuba wa shawarma, tana cikin halawa, ana ma kwarara ta a kan ful ɗin karin kumallo. Burodi da yawa an barbaɗe shi da riɗi. Shinkafar alfarma kuma akan watsa mata soyayyun 'ya'yan itace a sama, dabino ma akan cire ƙwallon a cusa masa lauz a ciki. Gyaɗa a Larabci ful sudani ce, madara halib, ƙwai baid, kifi samak, jatan lande rubyan ko gambari, shi kansa borin jinin kuma hasasiyya.

Indiya, ƙasar da 'yan fim ɗin Hausa suka daɗe suna kallo, yanzu zuwa ake yi. Rahama Sadau ta fito a fim ɗin Khuda Haafiz kashi na 2 a 2022, ga masu zuwa karatu da masu zuwa asibiti. A can akan niƙa yazawa, wato kaju, a kaurara miya da ita, ido ba zai taɓa gani ba. Man shanu da madara kuwa suna ko'ina. Gyaɗa mungfali ce, riɗi til. A ƙasashen da ke magana da Faransanci, kamar Burkina Faso inda ake bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu tun 1969, kalmomin da za a riƙe su ne arachide da cacahuète, duk gyaɗa ke nan, sai sésame, riɗi.

Turai da Amurka sun fi doka. Tun Disambar 2014 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da abinci, har da gidajen cin abinci, su bayyana abubuwa 14 da aka san suna tayar da borin jini. Amurka na da 9, riɗi ne ya shiga na ƙarshe a ranar 1 ga Janairu, 2023. Sai dai doka ma akwai inda ta taɓa barin ƙofa. A Yulin 2016 wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin Heathrow za su tafi Nice ta Faransa da mahaifinta. Ta duba leda ba ta ga an ambaci riɗi ba, ashe an cuɗa shi a cikin ƙullin. Abin ya taso mata a cikin jirgi, mahaifin ya yi mata allura har biyu, amma rai ya yi halinsa a ranar. Iyayenta ba su zauna ba sai da aka yi dokar da ake kira da sunanta, wadda ta fara aiki a Birtaniya ranar 1 ga Oktoba, 2021, ta tilasta rubuta duk abin da ke cikin abincin da aka naɗe a shago. In har haka ta faru da wadda ta san ciwonta, ta karanta leda, ga magani a jaka, ina ga wanda ya taho da kunya kaɗai?

Guzuri kafin a tashi

Shiri daga gida yake farawa. Na farko, a ga likita tun da sauran makonni, a gaya masa abin da aka ci da abin da ya biyo baya, ya rubuta takarda da Turanci mai ɗauke da sunan ciwon da magungunan da mutum zai riƙe. Takardar nan ita za ta raba shi da jami'an filin jirgi idan suka ga allura a jaka.

Na biyu, magani. Ƙwayoyin ƙaiƙayi irin su Piriton da cetirizine suna kwantar da ruɗu-ruɗu, amma ba sa buɗe maƙogwaron da ya rufe. Maganin babban bori shi ne allurar adirenalin. Akwai wadda aka yi ta kamar biro, irin su EpiPen, mai miligiram 0.3 ta manya da 0.15 ta ƙananan yara, wadda mutum zai iya caka wa kansa. Ba kowane kemis ke ajiye ta ba, don haka a fara cigiya da wuri, kuma likita ne zai ce wa ya kamata ya riƙe ta. Wanda aka rubuta wa, ya riƙe biyu, ya duba ranar lalacewarsu, ya sa su a jakar hannu, ba a akwatin da za a jefa cikin kaya ba. Zafi na lalata ta, ba a kuma daskarar da ita. Mai zuwa aikin Hajji ya tuna cewa a 2024 zafin Makka ya haura digiri 51, saboda haka ba a barin ta a mota ko a rana.

Na uku, ɗan kati. A rubuta da harshen ƙasar da za a je, da manyan baƙaƙe: abu kaza yana iya kashe ni, ko kaɗan ne, ko a mai ne, ko a cokali. A sa wanda ya iya harshen sosai ya duba, a buga kwafi da yawa, a ajiye hotonsa a waya. Na huɗu, a sanar da kamfanin jirgi tun wajen sayen tikiti, a kuma shiga da abincin da aka yarda da shi, domin babu kamfanin da zai yi rantsuwa cewa ba ɓurɓushin gyaɗa a jirginsa. Amma a sani, Ingila da Amurka ba sa barin matafiyi daga Nijeriya ya shigar da nama, don haka kilishi da dambun nama ba guzurin can ba ne. Alhazai kuma su gaya wa likitocin tawagar jiharsu da na hukumar NAHCON tun kafin a tashi, tunda abincin Makka da Madina da Mina a babbar tukunya ake dafa wa dubbai.

A otal da gidan abinci

In da hali, masaukin da ke da ɗan kicin ya fi, ko ba komai mutum ya dafa shinkafarsa da hannunsa. In kuwa otal ne, tun ranar sauka a nemi shugaban masu girki, ba yaron da ke kawo faranti kaɗai ba, a miƙa masa kati. A tambaya da wane mai aka soya, kuma me aka soya a cikinsa kafin nan. Wuta ba ta kashe abin da ke tayar da borin gyaɗa, kuma tsame gyaɗar daga saman abinci ba ya tsarkake shi. Wuƙa ɗaya, faranti ɗaya, ludayi ɗaya, duk suna ɗaukar abin su kai inda ba a zata ba. Shi ya sa teburin ɗibi-da-kanka, wanda 'yan gala suka fi so, ya fi ko'ina hatsari, don kowa na tsoma cokalin wannan a cikin wancan.

Abinci mai sauƙin ganewa shi ne abokin tafiya: gasasshen nama ba yaji, farar shinkafa, dafaffen dankali, ayaba ko lemon da mutum ya ɓare da kansa. Miya mai kauri da kayan zaƙi su ne maɓoya. In mai kawo abinci ya fara "ina jin babu" ko ya yi ta murmushi alamar bai gane ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuma duk daren da za a hau dandamali, kada a gwada sabon abu. An gano cewa motsa jiki mai ƙarfi, da rashin barci, da magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen, suna sa borin ya fi saurin tashi. Rawa, gajiyar hanya, kwana biyu ba barci: ai gala ke nan gaba ɗayanta.

In ta faru fa?

Da an ga numfashi ya canza, ko murya ta dishe, ko jiri ya zo tare da kumburi, ba a jira. A caka allurar a gefen cinya ta waje, ko ta kan wando ne. A kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ya fi damunsa ya zauna, amma kada a miƙar da shi tsaye ko a ce ya taka zuwa mota. A kira motar asibiti: 997 a Saudiyya, 998 a Dubai, 123 a Masar, 999 a Ingila, 911 a Amurka, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai da Indiya. In bayan minti 5 ba sauƙi, a yi ta biyu. Ko ya warware ya fara raha, asibiti dole ne, domin abin kan dawo bayan wasu awoyi. Inda babu allurar, asibiti mafi kusa za a nufa kai tsaye, a gaya masu abin da ya ci. Ba a ɗura wa mai shaƙewa nono ko manja ko jiƙo. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa dole abokin ɗaki da shugaban tawaga su san ciwon, su san aljihun da allurar take, su iya amfani da ita.

Saura 'yan fim

A fim ɗin Hitch na 2005, fuskar Will Smith ta kumbura bayan ya ci abincin teku, ya yi ta kwankwaɗar maganin ƙaiƙayi, 'yan kallo na dariya. A 2018 kuwa sai da kamfanin Sony ya nemi afuwa kan fim ɗin Peter Rabbit, saboda wani sin da aka riƙa jifan wani mutum da 'ya'yan itacen da aka san jikinsa ba ya so. A finafinan Hausa matsalar daban ce. Tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau an saba, in mutum ya ci abinci ya riƙe wuya ya faɗi, to kishiya ce ta yi barbaɗe, ko an yi masa sammu. Haka ɗan kallo ya haddace. Ranar da abin ya faru a gaske, maimakon a nemi mota sai a nemi mai magani, a kuma ɗora wa baiwar Allahn da ta yi girki don karamci laifin da ba ta ji ba ba ta gani ba. A industirin da ba a rasa 'yan ƙananan maganganu na kishi, irin wannan zargi na iya raba zumuncin shekaru.

Marubuci ɗaya da darakta ɗaya sun isa su gyara wannan da sin guda: a nuna kumburin, a nuna allurar, a nuna likita na wanke wadda aka zarga. Furodusa kuma da ke haɗa ayarin fita waje, yadda yake tambayar kowa fasfo da katin rigakafin shawara, ya ƙara tambaya ɗaya: akwai abin da ba ka ci? Masoya su ma, in tauraro ya ce ba ya cin abu kaza, a karɓi uzurinsa, a kawo masa ruwa mai sanyi a ɗauki hoto. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya. Sai a fitowa ta gaba.